Tela a Gaban Bijimi

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanena Altine ba, kuma ko na so in manta, 'yan gidanmu ba za su bar ni ba. Zamanin Turawa ne, ba a daɗe da gama yaƙin duniya ba, sojojin da suka je ƙasar Bama suna ta dawowa gida.

Mu gidan mahauta ne a Bodinga, tun kakanni. In akwai abin da gidanmu ke so fiye da nama, to hawan ƙaho ne. Ga wanda bai taɓa gani ba: bijimi ake kawowa fili a ɗaure da igiya biyu, ɗaya a wuya, ɗaya a ƙafar baya, ƙarti na riƙe da su. A yi ta kaɗa kalangu ana tsokanarsa har ya fusata. Sai wani mutum mai cikakkiyar lafiya, wanda ba wanda ya aike shi, ya taho a guje ya faɗa tsakanin ƙahonin ya rungume wuyan, sa na kaɗa shi kamar tsumma, jama'a na murna. Wannan shi ake kira wasa a gidanmu.

Baba ya yi shekaru yana hawa, har ya karya haƙarƙari biyu. Altine ya gaje shi. Inna kuwa ba ta taɓa taka fili ba, amma ita ce alƙaliyar gidan. Ana cin tuwo za ta ɗauko zancen wani da ya shiga da ƙafar hagu shekara uku da suka wuce, Baba ya musa, a ajiye loma a miƙe ana kwatantawa. Ni kaɗai na fita daban. Tun ina yaro ko maraƙi ya dube ni sai in ruga a guje, saboda haka na koyi ɗinki, na kafa kekena a kasuwa, can nesa da inda ake yanka.

Da a nan na tsaya, da lafiya. Amma lokacin da nake neman matata Kulu, 'yar manoma ce daga Dingyadi, ta ga wani dogon tabo a damtsena ta ce mi ya same ni. Na dubi nesa, irin duban mazan da suka ga jiya, na ce, "Ƙaho ne." (Almakashi ne. Na yi tuntuɓe da tabarma na faɗa a kansa.) Ta riƙe baki. Shekara huɗu muna tare, duk sanda aka yi zancen hawan ƙaho a gida sai ta dube ni da tausayi, wai jarumi ne ya ajiye wasa. Ba ta taɓa tambayar kowa ba, ni kuma ban taɓa gyara mata ba.

Amaryar Altine 'yar Sarkin Pawan Shagari ce, saboda haka ba a ma tambaya ko za a yi wasa. Muka kama hanya da sassafe, Inna da Kulu a kan jakuna, mu maza a ƙasa. Tun daga bakin gari har muka isa ba a yi zancen amarya ko sau ɗaya ba, sai na bijimin: wai ja ne, wai daga Dandin Mahe aka jawo shi, wai ya taɓa ɗaga mutum ya aza bisa darni. Inna har waƙa take yi. Ni ina biye, sanye da sabuwar farar rigata, wadda na ɗinka don mutanen Shagari su ga aikina, a lokacin da yadi ke wuyar samu.

Bayan la'asar fili ya cika. Har wani Bature Di'o da ke rangadi an kawo shi, an aje masa kujera a inuwa, tafintansa na tsaye a bayansa. Mata sun jeru ta bayan darnin gidan biki, suna leƙowa. Na nemi wuri a baya, kusa da mai sayar da rake, na tsaya.

Gaskiya an yi wasa. Mutum uku suka hau, aka fitar da ɗaya a kafaɗa. Baba na tsalle kamar ba shi ke kukan ciwon baya kullum ba, ina jiyo guɗar Inna ta fi ta kowa tsawo. Ango an hana shi shiga, yana ta cizon yatsa. Na fara cewa a raina an kusa tashi, mu ci naman biki mu huta.

Sai kiɗa ya sauya. Taken gidanmu na ji, wanda ake kaɗa wa Baba. Mai kalangu ya ratso jama'a, ya wuce Baba, ya wuce Altine, ya zo ya tsaya a gabana. Ya ɗaga murya ya ce ga mai tabon ƙaho, ga wanda ya ajiye don kara ba don tsoro ba, uwargidansa ta ce yau sai an tuna masa. (Ashe Kulu ce ta aika masa da goro ta bayan darni. Abin alheri take nufi, wannan shi ya fi ba ni haushi.)

Baba ya matso ya dube ni sama da ƙasa. "Kai, tabon ƙaho? Yaushe anka yi haka?"

A nan ya kamata in ce Baba, almakashi ne. Da an yi dariya kaɗan an wuce. Amma na waiwaya na hango Kulu ta ɗaga kai sama da darni, fuskarta kamar an ba ta Makka. Sai na ji bakina ya ce, "Ba ka nan ranar."

"To," in ji Baba, ya kauce mini. "Ga hili."

Na shiga. Ko rigar ban tuɓe ba. Bijimin ya gaji, ya sunkuyar da kai, kumfa na zuba daga bakinsa. Na yi taku biyar, na shida ya ƙi ɗaguwa. Muka tsaya muna kallon juna, fili ya yi tsit, mai kalangu ma ya sassauta. Sai bijimin ya ɗaga kai ya yi huci, irin na korar ƙuda.

Ban san lokacin da na juya ba. Na dai san na ture mai rake, na kuma ji gudu a bayana, ƙasa na amsawa, ana ta kiran "Tsaya, tsaya." Na ce shi ke nan, ya tsinke igiya. Na keta darni na faɗa cikin mata, na tsallake tukunyar miya, na ga tsani jingine da rumbu, na haye, na ture murfin na diro ciki.

Rumbun kusan fanko ne, sai 'yan dammunan gero a ƙasa da ƙaiƙayi. Daga ciki na yi ta ihu ina cewa a riƙe shi, a kwashe yara, a kawo mashi. Can sai haske ya ragu a bakin rumbun. Kan Altine ne, yana haki.

"Yaya, wa za a riƙe?"

"San, mana."

"Shina can inda kab bar shi. Ko taki guda bai yi ba. Ni ne nike biyarka, kar ka afka cikin mata."

Na zauna a kan dammunan geron. Sannan na ji muryar Inna daga waje, a natse, irin wadda take yanke hukunci da ita a kan tuwo: "Shigar dai ba laihi. Hitar ce ba mu taɓa ganin irinta ba." Daga nan dariya ta ɓarke, tun daga tsakar gida har fili. A cikin rumbu sauti kewayawa yake yi, saboda haka na ji ta sau biyu.

Fitowa kuma ta gagara, domin bakin rumbun ya fi ƙarfin tsallena. Aka nemi igiya mai ƙwari aka rasa, sai da aka kayar da bijimin aka kwance ta ƙafarsa. Da ita ƙartin nan suka jawo ni, a gaban surukan ƙanena, farar rigata ta yage tun daga hammata har ƙasa, jikina duk ƙaiƙayi, ina susa da hannu biyu. Ina sauka daga tsani sai ga tafinta. Wai Bature na gaishe ni, ya ce wannan ɓangaren na al'ada ya fi burge shi, ko za a maimaita, don bai shirya abin ɗaukar hotonsa ba.

Kulu ba ta yi dariya ba, na shaide ta. Ta kawo mini ruwa bayan ɗaki, ta tsaya tana kallon damtsena.

"Maigida, to mi ne ne?"

"Almakashi."

Ta gyaɗa kai, ta juya ta tafi. Sai da ta sha kwana na ji ta fashe, har da buga bango.

Washegari a hanyar gida na ɗauka Baba zai ƙi yi mini magana. Ina! Sau huɗu ya tsayar da jakuna don ya kwatanta yadda na tsallake tukunya, Inna na gyara masa, Kulu na cewa a'a, rigar ya fara tattarewa. Ban taɓa ganin gidanmu cikin nishaɗi irin na ranar ba. Kafin watan ya ƙare mai kalangu ya yi mini take nawa na kaina, mai sauri, kuma da ya hango ni a kasuwa sai ya kaɗa shi.

Abin da na koya ke nan: in har sai ka yi wa mace ƙarya wajen neman aure, ka zaɓi wadda ba a tara jama'a a ce ka maimaita. In kuma ka ji gudu a bayanka, ka waiwaya tukuna, wataƙila ƙanenka ne.