Ɗan Nahuce da Inshorar Zuwa Masar

Wani ne ɗan Nahuce, can ƙasar Bungudu, Allah ya ba shi sa'a ya samu gurbin karatun aikin gona a Masar. An gama fasfo, an gama allurar rigakafi, sai makarantar ta aiko cewa saura abu guda: ba biza sai ya nuna takardar inshorar tafiya. Shi kuwa inshorar da ya sani a duniya ita ce wadda direbobi ke miƙawa in an tare mota a hanya.

Ya shirya ya shigo Gusau, ya yi ta tambaya har aka nuna masa wani ofis a saman bene. Ya tarar da ma'aikaciyar wurin, Malama Hanatu, ya durƙusa ya gaishe ta kamar surukarsa.

Ya ce, "Malama, inshora nika biɗa. Amma in hwaɗa miki gaskiya, ni ko keke ban da shi."

Ta ce, "Ba ta mota ba ce, ta jikinka ce."

Ya dubi ƙirjinsa, ya dubi bayansa. "To ina za a liƙa ta?"

Malama Hanatu ta danne dariya, ta jawo takardu ta ce iri uku ce, sai ya zaɓa. Akwai ƙarama, ita wannan in jakarsa ta ɓata a jirgi za a biya shi.

"Jakata ba ta ɓata. Rungume ta zan yi har Masar."

"Ai ba a hannunka za ta zauna ba, ƙarƙashin jirgi ake sa kaya."

"To ni ma can zan zauna. Wuce ta gaba."

Ta ce akwai babba, wadda ta fi kowacce tsada. "Ita kuma, in Allah ya yi maka rasuwa a can, mu za mu ɗauko gawarka mu kawo gida a jirgi, ba a biyan ko kwabo."

Mutumin ya gyara zama. "Kyauta?"

"Kyauta."

"In ina da rai hwa?"

"Sai ka sayi tikiti."

"Ikon Allah! Mai rai shi biya, gawa ta hau banza." Ya dubi silin, can ya ce, "Sau nawa kuka dawo da mutum a shekara? Don ni ina son in riƙa zuwa babbar Sallah."

"Malam, sau ɗaya ne tak, kuma in an kawo ka ba komawa."

"A'a, wagga ba ta yi ba, karatu gare ni."

Saura ta tsakiya. Malama Hanatu ta ce ita ce ɗalibai suka fi saye, ta asibiti. "Duk ciwon da ka kai wa likita a can, mu ke biya. Gwaji, magani, har gado."

"Duk ciwon da nik kai?"

"Duk wanda ka kai, in dai da sunanka."

Nan take ya ce a rubuta masa ita. Ya karɓi takardar da hannu biyu, ya naɗe a leda uku, ya cusa a aljihun ciki.

Da ya koma Nahuce, bayan la'asar ya zauna majalisa ya ba da labari: ya sayi wata takarda, duk ciwon da ya kai Masar magani kyauta ne. Washegari kafin ya gama karin kumallo ƙofar gidansu ta cika kamar ranar rabon taki. Tsofaffi, mata, har mutanen Kekun Waje da suka ji a kasuwa. Wani makiyayi ma, Tambaya, ya taso tun daga ruga da sandarsa ya shiga layi.

Mutumin ya shimfiɗa tabarma, ya ɗauko sabon littafin da ya saya don karatu. Ya ce, "Kowa shi hwaɗi nashi ɗai-ɗai. Amma ku sani, ba ni rubuta sunan kowa. Matar nan ta ce sai da sunana."

Haka ya yi ta rubutu har azahar, kowane ciwo ya sa shi a kansa. Matan da suka ji kunyar faɗa a fili suka aiko ta bakin innarsa. Littafi ya kusa rabi, biro guda ya ƙare.

Ya isa Masar lafiya lau, ko atishawa bai yi ba. Kwanansa biyu ya nemo wani ɗalibi ɗan Tsafe, Mas'udu, wanda ya shekara uku a can, Larabci ya zauna a bakinsa. Ya ce ya raka shi asibiti ya yi masa tafinta.

Mas'udu ya ce, "Daga zuwa? Mi ka damunka?"

"Abubuwa da yawa. Mu dai tai."

Suka shiga wurin likita, wani dattijo mai tabarau. Mutumin ya kwance leda uku ya miƙa takarda, ya buɗe littafi a kan cinya.

"Ce mishi gwiwata ta dama na ciwo yau shekara arba'in."

Mas'udu ya fassara. Likita ya dubi takarda, ya yi magana.

Mas'udu ya ce, "Wai shekarunka nawa?"

"Ashirin da uku."

"To ya aka yi..."

"Kai dai hwaɗa mishi, ba lissahi munka zo ba. Na biyu: haƙorana duk sun zube, saura guda, shi ma shina girgiɗi."

Likita ya sa ya buɗe baki, ya haska, ya ga haƙora reras, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ya ajiye fitila ya rubuta wani abu.

Mutumin ya ji daɗi, ya ga aiki ya fara. Ya juya shafi. "Na uku: kofatona na baya ya kumbura, ba ni tuƙa, kuma nono ya ragu."

Mas'udu ya dafe kai. "Don Allah ka ruhwa mini asiri. Ni ban san kofato da Larabci ba."

"Shekara uku kana nan ba ka san kofato ba? Nuna mishi da hannu."

Mas'udu ya nuna da hannu, gumi na keto masa. Likita ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce a ci gaba, shi ma yana son ya ga ƙarshen abin.

"Na huɗu: kullum da sahe sai amai. Ba ni son warin daddawa. Tsamiya nika marmari da ɗanyen mangwaro. Kuma wata uku ke nan ban ga al'ada ba."

Mas'udu ya faɗa cikin raɗa, kansa a ƙasa. Likita ya ajiye biro, ya haɗa hannuwa, ya daɗe yana kallon mutumin, sannan ya yi magana a hankali.

"Mi yac ce?"

Mas'udu ya ce, "Cewa ya yi shekararsa talatin yana aikin nan bai taɓa ganin irinka ba. Amma in dai abin da ka karanta gaskiya ne, to ciki gare ka, wata uku."

Mutumin ya ɗaga hannuwa sama. "Alhamdu lillahi! Maza tambayam mini shi, takardar nan ta haɗa da ragon suna, ko sai nai ciko?"