Rasuwar Fuskar Aljanin Toka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Dogo ɗan wasan fim yana sanar da ma'aikatan sutudiyo rasuwar abokiyar aikinsa, Fuskar Roba, wadda 'yan kallo suka sani da Aljanin Toka. Ta rasu ranar Asabar da azahar, a gaban gilashin motarsa, tana da shekara shida. Darakta bai ji labari ba tukuna. Wannan takarda ce za ta faɗa masa, domin bakin Dogo ya kasa.

A kan fuskar Dogo aka zuba marigayiyar, har da karkataccen hancinsa, shi ya sa ba ta taɓa shiga kan kowa ba sai nasa. Wanda ya ƙera ta ya tsufa, ba zai iya ƙera wata ba yanzu. Mai haƙuri ce ƙwarai. Ta sha zufa, ta sha hayaƙi, ta sha naushin jarumi sau goma sha huɗu a wuni ɗaya ba ta ce uffan ba, in ban da ɗan "fyuu, fyuu" da take yi ta hancin hagu in Dogo ya gaji.

Mutuwa ba baƙuwarta ba ce. A ƙarshen fim na ɗaya jarumi ya jefa ta ramin wuta, kowa ya yi tafi, amma bayan sunayen 'yan wasa sun gama wucewa sai aka ga ƙahonta ɗaya ya motsa cikin toka. Haka dokar irin waɗannan finafinai take: uban jarumi ya mutu ya dawo a mafarki, malaminsa ya dawo da sabuwar riga, mugu kuwa ya dawo da ƙarin ƙaho. Ta ranar Asabar ce kawai mutuwarta da ba marubuciyar fim ce ta rubuta ba.

Ga yadda ajali ya zo. 'Yar Dogo ta dawo daga makaranta da kuka, wai 'yan ajinsu sun ce ƙarya take, babanta ba ya cikin fim, tunda ba wanda ya ga fuskarsa. "Baba, ka zo da ita su gani mana," in ji ta. Doka ta hana fitar da kaya daga sutudiyo, amma Dogo ya saka marigayiyar a jaka. Ranar wasannin makaranta ya bar ta a mota, wai minti biyar, ya je neman yarinyar. Ya dawo da yara tara a bayansa, ya tarar zafin rana ya narkar da ita, ido ya gangaro kan kumatu, ƙahonni sun kwanta. Yaran suka yi dariya, 'yarsa ba ta yi ba.

Marigayiyar ta bar safar hannu biyu masu farce, da alkyabba mai ƙaurin hayaƙi, da haƙoran roba a gwangwani. Ta kuma bar Dogo cikin tsoro. Tun bara marubuciyar take cewa, "A cire wa aljanin fuskar nan tun farkon fim na biyu, a ga ashe yayan jarumi ne da ya ɓata." Har ta zaɓi wani kyakkyawan saurayi da zai maye gurbin Dogo. Abin da ya hana kawai shi ne fuskar ba ta shiga kan saurayin. Yanzu babu abin da zai hana, kuma ranar Litinin za a fara ɗaukar fim ɗin.

Za a rufe marigayiyar a kwalinta gobe Lahadi da ƙarfe huɗu, a ɗakin kwalliya, bayan madubi na uku. Ana roƙon jama'a kada su yi saurin watsewa, a ɗan jira ko ƙaho zai motsa. Masu zuwa ta'aziyya da ba su san mai makoki ba, kuma suna da yawa, su nemi dogon mutum mai karkataccen hanci da ke tsaye kusa da kwalin, yana kallon ƙofar ofishin darakta.