Kwaɗon Tarhon Baba

Har yau in na tuna, raina ɓaci yake. Ranar da Yaya Hadiza ta haihu a Damagaram, Baba ya tafi aiki da makullin kwaɗon da ya sa wa tarhon gidanmu don kada a juya lamba. Ni kuwa na rantse sai na ji muryarta. Wata ƙawata a lakol, wato makaranta, ta koya mini dabara: ba sai an juya lamba ba, ƙwanƙwasa mazaunin kan tarhon ake yi. Na kori ƙannena, na ce aikin manya ne.

Ana ɗauka, ni da ko a aji ba a jin muryata, na ce, "Yaya, Baba ya ɗaure tarho kamar akuya! Rowarsa ta ishe ni!"

Sai na ji an ajiye kofin shayi.

"Ɗiyata, nan gidan waya ne," in ji Malam Bukar, abokin Baba, wanda duk kiran garinmu Gure sai ya bi ta hannunsa. "In haɗa ki da mai akuyar?"

Ban ji muryar Yaya ba sai ranar suna. Yanzu ɗan nata har gudu yake yi, amma in na wuce ta gidan waya, sai Malam Bukar ya ƙwanƙwasa teburinsa ya ce, "Ya akuya, tana ɗaure?"