Yadda Za Ki Burge Gwaggonki Injiniya da Ilimin Jirgin Kwamfuta

'Yar'uwa, idan kina da gwaggo mai haɗa na'urori a ƙananan jiragen sama, ta kuma ce ɗaliba ɗaya tak za ta ɗauka, ta ce ki zo ta gwada ki, kuma duk duniya babu abin da kike so kamar a ce ke ce, to gyara zama. Hanyar nan tabbatacciya ce. Na yi miki alkawarin kafin a tashi aiki babu wanda zai sake manta fuskarki a rumfar jiragen nan.

Mataki na 1: Samu jirgin da ba ya faɗuwa

Fara da ɗakin Yayanki. A nan ya haɗa nasa jirgin da allon kwamfuta, kujerar tsohuwar mota, sitiyarin roba da fankar da ke kama da iska idan kin rufe ido. A wannan jirgi za ki koyi aiki. Kina son agogon da ke nuna nisanki da ƙasa? Ja shi da yatsa ki ajiye. Kamfas? Ja, ajiye. Idan kin sa shi a kife, akwai maɓallin da ke mayar da komai yadda yake, kuma ba ya kai ƙara wurin kowa.

Duk lokacin da gabanki ya faɗi, ɗauko gidan tabaranki, mai murfin nan da ke rufe kansa, ki yi ta buɗewa kina rufewa, ƙas, ƙas. Idan kin natsu, ɗora shi a saman allo, daidai kan hoton kamfas. Nan ne mazauninsa. Ki saba da haka sosai har hannunki ya riƙa yi ba tare da ya tambaye ki ba.

Mataki na 2: Haddace

Haddace littafin na'urorin jirgi tun daga bango har bango, har sunan wanda ya buga shi. Idan Yaya ya leƙo ya ce, "Farfesa, kin san dai jirgin Gwaggo ba shi da maɓallin komawa baya ko?" kada ki kula shi. Hassada ce. Shi da kansa ya sha kifar da jirginsa a kan gadon Umma.

Mataki na 3: Shiga rumfar kamar kin saba

Ki sani ba a zaune ake aikin nan ba. Littafin ya ɓoye wannan. Kwanciya ake yi a rigingine, kai a ƙarƙashin allon na'urori, ƙafafu a kan kujerar matuƙi. Saboda haka idan kin ga takalma biyu sun leƙo ta ƙofar jirgi, ki gaishe su da ladabi. Na Baba Mai Waya ne, dattijon da ke yi wa Gwaggo aikin wayoyi, kuma tun safe yake can ciki yana haɗa sabon rediyo.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, 'yata. Riƙe mini tocilar nan. A'a, wayar za ki haska, hancina na san inda yake."

Haska wayar. Duk abin da aka nuna miki ki ce "Hmm," ki gyaɗa kai a hankali. Bincike ya nuna rabin ƙwarewa gyaɗa kai ne, sauran rabin kuma kada tocila ta yi rawa. Na biyun ya fi wuya.

Mataki na 4: Faɗi gaskiya, amma daidai abin da aka tambaya

Da an gama rediyo Gwaggo za ta ce a tura jirgi waje. Dokar aikin ke nan: duk sanda aka ƙara wata na'ura, sai an sake gwada kamfas, domin ƙarfe da waya kan ja shi ya yi ƙarya. A filin akwai layukan fenti a ƙasa masu nuna arewa, gabas, kudu da yamma. Ana ɗora hancin jirgi a kan layi, a duba ko kamfas ya yarda.

Masu turawa su ne Baba Mai Waya da Kyaftin, mai jirgin, wanda ya zo da farar riga a goge yana zaton sa hannu kawai zai yi ya tashi.

Za ki ga Gwaggo ta zazzage aljihunta a kan benci, makullai, wayar hannu, har agogo. Sukudirebar tagulla kaɗai za ta riƙe, saboda tagulla ba ta jan kamfas.

"Akwai ƙarfe a jikinki?"

"Babu, Gwaggo."

Ba ki yi ƙarya ba. Gidan tabarau ai roba ne, an lulluɓe shi da yadi mai furanni.

Shiga ki zauna kusa da ita. Gabanki zai faɗi, domin wannan kujerar ta gaske ce, har wari take yi na mai. Yi ƙas, ƙas sau biyu a ɓoye. Yayin da Gwaggo ta leƙa waje tana cewa a ƙara turawa hagu, bar hannunki ya yi aikinsa. Zai cusa gidan tabaran a mazauninsa, bayan kamfas, jikin gilashin gaba.

Mataki na 5: Bar laifi ya nemi mai shi

"Muna kan layin arewa," in ji Gwaggo. "Me kamfas ya ce?"

Karanta mata: "Gwaggo, ya ce wai gabas muka kusa."

Za ta murɗa kusar kamfas da sukudirebar tagulla. Za a juya jirgi. Kamfas zai ce wani abu dabam. A sake juyawa. Rana za ta take, rigar Kyaftin ta manne masa a baya.

"Injiniya," zai ce yana haki, "jirgin nan na saya don ya ɗauke ni, yau ga shi ni nake ɗaukarsa."

"Tura, Kyaftin. Ko kana so ka nufi gida ka sauka a gonar mutane?"

Yanzu ne lokacinki. Gyara tabarau ki ce, "A babi na tara an ce wayar rediyo idan ta bi kusa da kamfas takan karkatar da shi."

Gwaggo za ta dube ki da wani ido mai kama da yabo, sannan ta leƙa waje.

"Baba, sai dai a kwance rediyon."

"Duka?"

"Duka."

Baba Mai Waya zai dafa ƙugunsa, ya dubi jirgi, ya dube ki. "Madalla da babi na tara," zai ce, ya fara cire hula.

Mataki na 6: Janye hannu a hankali

Ganin dattijo yana shirin komawa ƙarƙashin allo zai sa ki ji ba daɗi. Za ki buƙaci ƙas, ƙas. Miƙa hannu ki ɗauko gidan tabaran.

Kamfas zai juya.

Tsaya cak. Tuna abin da ke sa murfi ya rufe kansa: maganaɗisu. Kada ki firgita. Ja hannunki sannu sannu zuwa aljihu, kina kallon sararin sama kamar mai nazarin gajimare. Matsalar kawai ita ce kamfas zai bi hannunki kamar kyanwar da ta ga kifi, kuma Gwaggo tana zaune kafaɗa da kafaɗa da ke.

"Mayar," za ta ce.

Mayar. Kamfas ya koma gabas.

"Ɗauke."

Ɗauke. Arewa ta dawo daidai kan layinta.

"Baba, sa hularka. Kyaftin, zo ka ga. Mayar. Ɗauke. Mayar."

Kyaftin zai leƙo, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Ashe duk inda yarinyar nan take, nan ne arewa."

Mataki na 7: Amsa tambaya

"Kin san abin da ya faru?"

A nan bakinki zai buɗe da kansa ya zubo babi na goma gaba ɗaya: yadda maganaɗisu ke jan kamfas, nisan da ya kamata a bari, jerin abubuwan da aka hana, lasifika, tocila, wayar hannu. Ba za ki tsallake ko waƙafi ba.

"Duk wannan kin sani?"

"Na sani, Gwaggo."

"Kuma kika ɗora?"

"Gwaggo, a jerin ba a sa gidan tabarau ba."

Za ta juya kai ta kalli fiffiken jirgi, kafaɗunta na girgiza. Kada ki tambaya ko tari ne. Idan ta juyo za ta karɓi gidan tabaran ta miƙa wa Baba ya kai benci.

"Sauka ki kama jela. Daga arewa za mu sake, ke za ki tura. Kyaftin ya huta."

Tura. Jirgin gaske yana da nauyi, wannan ma littafin ya ɓoye. Kina cikin haki tsakanin kudu da yamma, za ki ji muryarta ta taga:

"Gobe ki zo da takalmin aiki. Tabarau a fuska, gidansa a gida."

Kada ki yi kuka a gaban Kyaftin. Idan ya zama dole, ki ce gumi ne. Kafin ki tafi Baba Mai Waya zai ɗaura wa tabaranki guntuwar jar waya ki rataya a wuya, ya ce, "Wannan ce babi na goma sha ɗaya."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta da hannu a ciwon ƙugu, rigar da ta jiƙe, ko jirgin da ya nufi gida ya sauka a gona. Duk wadda ta bi matakan nan ta bi su da ƙafafunta. Idan gwaggonki ba ta da dariya, kada ki neme ni, ina ƙarƙashin allo a rigingine. Takalman da suka leƙo kusa da na Baba nawa ne, kuma ba sa amsa ƙorafi.