Malam Gwadabe Ya Nome Lambun Gwamnati

"...da gajiyar hanya, amarya? Ya kika baro mutanen Dutse?"

"Lafiya lau, tsoho, suna gai..."

Gaisuwar ba ta ƙarasa fitowa ba. Mardiyya ta tsaya ƙiƙam a ƙofar lambun, jakar tafiya a kafaɗa, baki buɗe.

Bari ku ji abin da ta bari, kafin ku ji abin da ta tarar. Mardiyya ce ma'aikaciyar da ke kula da lambun shaƙatawa na hanyar kogi a Haɗeja. Da can juji ne, daga awaki sai leda. Shekara biyu ta yi tana fama da shi. Ta dasa darbejiya kusa da tsohon mangwaron da ta tarar, ta shimfiɗa siririyar hanyar tsakuwa mai lanƙwashe-lanƙwashe don masu tattaki, a tsakiya kuma ta raini ciyawa kore shar, inda iyalai ke baje tabarma da yamma, amare su zo ɗaukar hoto. Ranar Asabar ce, jibi Litinin kwamitin filayen gari zai zo dubawa. In sun ga lambu, lambu ya tsira. In sun ga fili kawai, to dama akwai masu haɗiyar yawu, so suke a yanka shi shaguna.

Kwana huɗu kacal ta yi a wajen taron bita. Kakanta Malam Gwadabe, manomin shinkafa daga Auyo, ya zo ganin likita saboda hawan jini, aka ce ya huta, ya riƙa ɗan tattaki da safe. Shi ne baiwar Allah ta ɗauki makullin lambu ta ba shi, wai ya sha iska.

To ga shi nan tsaye a tsakiyar wurin, ƙafar wando a naɗe, fartanya a kafaɗa, sai washe baki yake. Ciyawa kuwa ko ta magani babu. Ƙasa tas, har an ja kunyoyi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

"Subhanallahi, wa ya rasu?"

"Tsoho, ina ciyawata?"

"Af, kin gani ko? Ba sai kin yi godiya ba, tsakanin miji da mata ne."

"Ina ciyawata, na ce!"

"Tana cikin shanun Hamman makiyayi. Sawu uku ya yi da amalanke, yana ta sa mini albarka."

Mardiyya ta saki jaka, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Ka san abin da ka nome kuwa?"

"Ni za ki tambaya? Kiri-kiri ce! Tun uwarki tana rarrafe nake yaƙi da ita a fadama. Ka nome ta yau, gobe ta leƙo tana yi maka dariya. Da na shigo na ga yadda ta cinye filin nan, wallahi kunya ta rufe ni. Na ce jikar Gwadabe ce ke riƙe da wurin nan, a ce kiri-kiri ta fi ƙarfinta? Ga mutane zaune dirshan a kanta, babu mai kishin da zai ɗauki fartanya."

"Ni na dasa ta!"

Fartanya ta zame daga kafaɗar tsoho ta faɗi ƙasa.

"Kika yi me?"

"Dasa ta na yi, da hannuna, tsinke-tsinke. Safe da yamma ana ba ta ruwa."

"La'ilaha illallahu! Ruwa? Kiri-kirin?"

"Har da taki."

"Taki! Na buhu?"

"Na buhu. Duk sati biyu kuma a kawo inji a aske ta."

"Aski! Jama'a ku zo ku ji! Ni da nake mijinki wata biyu rabona da wanzami, ciyawa ake yi wa gyaran fuska! Wannan ne karatun gonar da kika yi shekara huɗu? Je ki gidanku, na sake ki."

"Kai ne da sakin mutane? Wa zai kwashe ka in na tafi? Tsohon da sai an jiƙa masa ƙosai a koko kafin ya iya taunawa!"

"Haƙora biyu gare ni, kuma suna haɗuwa. Zawarawan Auyo layi suke yi."

"Layin karɓar sadaka dai. Ba likita ya ce ka huta ba?"

"Ai hutawar ce. Noman tudu, ba laka, ba matsattsaku, ga inuwa, ga famfo a kusa? Rabona da jin daɗi haka tun ina saurayi."

"To Fannami maigadi fa? Yana ina aka yi wannan ta'asa?"

"Ya zo yana ta ɗaga hannuwa yana zuba mini Barbarci. Na ce masa umarnin oga ne."

"Yaushe na ba da umarni?"

"Ni ne mijin oga. Wa ke sama da wa?"

Ta juya don kada ta faɗi abin da za ta yi nadama, sai idonta ya sauka a kan hanyar tsakuwa. Wato inda hanyar take a da.

"Wayyo Allah na! Hanyar kuma me ta yi maka?"

"Miƙar da ita na yi. Daga ƙofa zuwa famfo taku arba'in ne, na ƙirga. Ke kin mai da shi ɗari biyu, a bi nan, a zagaya can, a dawo nan. Wanda ya shata ta ko dai cikin maye yake, ko kuma kunama ce ta harbe shi."

"Ni na shata ta! Don tattaki aka yi ta, mutane su motsa jiki!"

"Mai son motsa jiki ya taka zuwa Auyo, ina da aikin da zan ba shi."

"Waɗannan kunyoyin fa? Kada dai ka ce mini ka yi shuka."

"Kuɓewa layi shida. Sauran yakuwa."

"Kuɓewa! A lambun gwamnati! Amare su tsaya cikin kuɓewa su ɗauki hoto?"

"Amaryar da ta koma gida da hoto da kayan miya, ai ta fi wadda ta koma da hoto kaɗai."

"Furannina?"

"Su ban taɓa ba. Na ɗanɗana ganyen ɗaya na ji ɗaci, na ce ƙila magani ne."

Mardiyya ta zauna a kan bencin siminti, ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Malam Gwadabe ya gyara tsayuwa yana jiran martani, don tun tana da shekara uku ba ta taɓa barinsa ya yi maganar ƙarshe ba. Sai ya ga kafaɗunta suna girgiza. Kuka take, na gaske.

Ya matso a hankali, ya tsuguna a gabanta.

"Ke, Mardiyya. Wasa ne fa. Ban sake ki ba."

"Kaka, jibi kwamiti zai zo."

Da ya ji ta ce Kaka, ba tsoho ba, ya san magana ta girma.

"Su zo mana. Su ga wuri fes."

"Su ga gona! Shekara biyu ina roƙonsu kada a yanka wurin nan shaguna. Na ce musu garin nan yana bukatar inda talaka zai zauna ya miƙe ƙafa ba tare da an ce ya sayi wani abu ba. Suka ce in nuna musu. Yanzu me zan nuna? Kuɓewa?"

"Shaguna? A nan? Bishiyoyin fa?"

"Sarewa za a yi."

Tsoho ya ɗaga kai ya dubi mangwaron da ya yi kwana huɗu yana shan inuwarsa.

"Jiya da la'asar wata tsohuwa ta zo da jikokinta uku da tabarma," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ta tsaya a ƙofa ta daɗe tana kallo, sai ta juya da su. Ni na ɗauka aikina ne ya burge ta."

Kunya da tausayi suka rufe shi. Ya yi gyaran murya.

"Ita wannan... muguwar abar. A ina kika samo irinta?"

"Kano."

"Kano! Har Kano aka je neman kiri-kiri? A mota?"

"Tsoho, don Allah ka ƙyale ni. Ko yau na samo ta, sai ta yi wata uku kafin ta rufe ƙasa."

"In an yi dashen 'yan boko ba. Tashi ki share hawaye, kin yi muni. A gaɓar gonata akwai wadda ta ninka taki kauri, ba taki, ba wanzami."

"Jibi fa na ce maka."

"Na ji. Ke kin taɓa ganin yadda muke toshe gaɓa in ruwa ya ɓalle mana cikin shinkafa? Ba tuge ciyawa ake yi ba. Da ƙasarta ake yanko ta, fala-fala kamar bulo, saiwa da komai, a jera a danne. Ba ta ma sanin an ɗauke ta daga gida. Kwalekwale ya fito da ita bakin titi, a-kori-kura ta ƙaraso da ita. In aka jera aka ba ta ruwa, wanda bai sani ba sai ya rantse a nan aka haife ta."

Mardiyya ta sauke mayafi, ido jajir.

"Da gaske kake, ko cikin surutun tsufa ne?"

"Ba ni wayarki in kira kawunki Muttaka."

Ta latsa lambar, amma ta ƙi sakin wayar. Ta buɗe murya yadda kowa zai ji.

"Miƙo mana, in matsa gefe."

"A nan za ka faɗa, ina ji."

"Ke ba ki da tausayi ne? Maganar maza ce."

"Ciyawata ma ba a tausaya mata ba. Ga shi ya ɗauka."

Malam Gwadabe ya matso kusa da wayar.

"Muttaka, ka tara mini gayya gobe da sassafe, mutum ashirin. A je gaɓar gona ta gabas, a yanko kiri-kirin nan da ƙasarta."

"To Baba, alhamdulillahi. A tara a ƙone ko?"

"A'a. A... a lallaɓa ta. Kada a ji mata ciwo."

"Na'am?"

"Haɗeja za a kawo ta. Dasawa za a yi."

Can sai muryar Muttaka ta dawo a raunane.

"Mardiyya, kina kusa? Me likitan ya ce game da kan Baba?"

Dariyar da ta ƙwace wa Mardiyya har da sauran hawaye a cikinta.

Ranar Lahadi kuwa Haɗeja ta ga abin mamaki. Sawu bakwai a-kori-kura ta yi. Manoman Auyo ashirin, kowanne ya tsufa yana tsine wa kiri-kiri, ga su durƙushe suna jera ta kamar masu shimfiɗa darduma, kowa ya sunkuyar da kai kada wani ɗan garinsu ya wuce ya gane shi. Malam Gwadabe da kansa ya baje kunyoyin kuɓewarsa. Shi ya sake karkata hanyar tsakuwa, Mardiyya tana nuna masa da sanda, shi kuma yana tsaki a kowace kwana.

Litinin da hantsi kwamiti ya iso, mutum biyar. Suka bi hanyar nan har ƙarshenta. Shugabarsu, Hajiya Rahmatu, ta cire takalmi ta taka ciyawar, sannan ta ce wanda ke son shago ya nemi wani wuri, wannan na jama'a ne. Mardiyya ta riƙe kanta har motarsu ta fita, sannan ta yi sujada a kan ciyawar.

Da ta ɗago, rana ta take, gefen ciyawar ya fara yin laushi. Fannami ya tafi sallah. Babu kowa sai kakanta a gindin mangwaro, yana danna ƙugu. Ta ciko bokitin ban-ruwa ta dire a gabansa.

"Tashi, ango. Ƙishirwa take ji."

"Wa?"

"Ka san ta."

"Ni? Ni Gwadabe? Na yanko ta, na yi mata rakiya a mota, na shimfiɗa ta. Wannan kuma ba da ni ba. In aka ji a Auyo na shayar da kiri-kiri, ko a jana'iza ba za a ba ni wurin zama ba."

"In ta bushe, wata mai zuwa su dawo da ma'aunin shaguna."

Ya harare ta. Ya harari ciyawar. Ya leƙa ƙofa hagu da dama, ya tabbatar babu mai wucewa. Sannan ya fashe da dariya har haƙoran nan biyu suka bayyana, ya miƙe da ƙyar ya ɗauki bokitin.

"Kin ci, ja'ira. Kin ci."

Ya sunkuya, ya fara zuba ruwan a hankali, yadda yake yi wa irin shinkafarsa.

"Sha, 'yar banza," ya ce wa ciyawar. "Albarkacin jikata kika ci."