Ranar da Cikina Ya Hau Lasifika

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ji muryata tana tahowa daga bakin kasuwar Gaya ba, alhali ni ina durƙushe a tsakiyar kasuwar, bakina a rufe.

Bari in fara da muryar, domin ita ce 'yar dukiyata. Na taɓa yin 'yan watanni ina koyon aiki a wani gidan rediyo a Kano. Ba su ɗauke ni ba, amma na dawo gida na iya cewa "to, jama'a" yadda mai tuwo a hannu zai dakata da loma. Koyarwa nake yi, sai dai duk walima ko saukar karatu daga Gaya har ƙauyukan Ajingi, ni ake miƙa wa makirufo. Mutane da yawa ba su san fuskata ba. Muryata kuwa ko a bayan katanga aka ji ta an san mai ita.

Abin da ba a sani ba shi ne, ƙasa da wannan murya kaɗan akwai wani ciki da ya yi shekaru ba ma ga maciji da shi. In na ci abinci ya kumbura, in na ƙi ci ya yi ƙugi. Wani makon ya sake ni kamar famfo, wani makon ya ɗaure kamar an sa masa kwaɗo. Babu masallacin da ke gefen titi tsakanin Gaya da Ajingi da ban san yanayin bayan gidansa ba, da wanda ke da ƙofa, da wanda sai ka riƙa tari don kada a faɗo maka.

Asibiti kuwa na je har masu yankar kati sun daina tambayar sunana. Ka yi sammako, ka bi layi har rana ta take, ka shiga. Likita ya gaji, akwai taron jama'a a bayanka. Ya ce, "Me ke damunka?" Ni kuma, mutumin da ke cika fili da magana, sai in sunkuyar da kai in ce, "Cikina ne yake ɗan taɓa ni." Kafin in rufe baki ya rubuta olsa. A ba ni farin maganin nan mai ɗanɗanon alli, a ce in bar yaji. Mai kemis ya ce taifot ne. Gwaggona ta ce basir ne, ta aiko da jiƙo. Wani abokin aikina ya rantse ruwan kabeji ne ya tashi kakansa daga kwance (na sha na mako guda, ban san halin da kakan yake ciki ba, amma ni ɗalibaina sun koma zama a bayan aji).

A cikin wannan hali nake neman auren Falmata, 'yar Baba Bukar na Toranke, mai sayar da hatsi a kasuwannin yankinmu. Mutanen kirki ne, masu karamci, kuma a gidansu ba a san ana taɓa barkono da tsoro ba. Ranar da na fara zuwa zance aka kawo mini dambu da yaji ja wur. Na dubi kwanon, na tuna nisan hanyar komawa Gaya a kan babur, sai na ji bakina ya ce, "Ai ina azumi." Zuwa na biyu ma haka. Daga nan na mai da zuwana bayan La'asar, in gudu kafin Magariba. Ba a jima ba labari ya zaga gidan cewa Falmata ta samu mai ibada. Baba Bukar da kansa ya sa mini suna Ustazu. Na karɓi sunan, Allah ya yafe mini, har na fara sassauta tafiya don ta dace da shi.

Aure yana matsowa, ciki yana ƙara lalacewa, sai na yanke shawarar gwada masu maganin mota, waɗannan da ke ɗaura lasifika a rufin tsohuwar mota suna lissafa cututtuka. Ban yarda in yi a Gaya ba. Na tafi wata kasuwa can wajen Gafasa, na ja hula har gira, na raɓa jikin motar wani da ake kira Ɗan Baiwa.

Ina yin sallama ya ɗago kai ya dube ni da kyau. Da ina da wayo, a nan zan juya.

"Yallaɓai, ni ɗan aike ne," in ji shi. "Babban malamin yana daji, ba ya shigowa gari. Kuma ba ya haɗa magani sai ya ji ciwo daga bakin mai shi. Ga waya, shiga mota ka faɗa masa komai. Kada ka ji kunya, daga kai sai shi."

Na shiga, ya rufe ƙofa. Ga shiru, ga abin ɗaukar magana a hannu, babu ido a kaina. Tsohon horo ya motsa. Na gyara zama, na gyara murya, na yi wa malamin daji rahoton da ban taɓa yi wa kowane likita ba: da farko, abu na biyu, daga ƙarshe. Lokaci, launi, ƙara, babu abin da na tsallake. Da na fito Ɗan Baiwa ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce bai taɓa samun mara lafiya kamata ba. Na ji daɗi, wallahi. Mako na zagayowa ya ba ni jarka cike da wani ruwa baƙi, wanda ya yi aiki ƙwarai, amma ta fuska guda kawai.

To, ranar da abin ya faru, na shiga kasuwar Gaya sayen takalmi, sai na yi kiciɓis da rumfar Baba Bukar. Yana zaune a kan buhun gero, abokansa dattawa na kewaye da shi. Babu hanyar zillewa. Na tuɓe takalmi, na durƙusa. Wanda ya san gaisuwar suruki ya san ba ka tashi sai an sallame ka, Baba Bukar kuma ba ya gaggawa.

"A'a, Ustazu! Ya gida? Ya makaranta? Ya ƙarfin jiki? Na ga kamar ka ɗan faɗa."

"Lafiya ƙalau, Baba. Alhamdu lillahi."

"Azumi ne," ya gaya wa abokansa. "Yaron nan ban taɓa ganin ya sa ko ruwa a baki a gidana ba."

Dattawa suka yi ta sa albarka. A daidai nan na jiyo lasifika daga nesa, muryar Ɗan Baiwa tana cewa, "Jama'a, ku kasa kunne ku ji halin da wannan bawan Allah yake ciki kafin ya gamu da maganinmu!" Sai wata murya mai sanyi, mai tsabta, wadda na fi kowa saninta, ta ce:

"Assalamu alaikum, Malam. Da farko dai, maganar gaskiya ita ce ba ni da lafiya."

Motar ba gudu take ba. Masu irin wannan mota ba sa gudu, tafiyar amarya suke yi don kowa ya samu rabonsa. Ga kuma wata kurar 'yan dako da ta tokare hanya, don haka motar ta zo ta tsaya cak a gaban rumfar. Ina durƙushe ina sauraren kaina ina bayyana wa kasuwar Gaya abin da ke faruwa da ni da asuba, da abin da wake yake yi mini, da dalilin da ya sa nake sallah a sahun baya kusa da ƙofa. Abin haushin, aikin ya yi kyau. Ko kalma ɗaya ba ta shige ba. Mai nama na can gefe ya ajiye wuƙa. Wata mai fura ta ce, "Kai, wannan ba mai gabatarwar nan ba ne na walimar gidan Hajiya?"

Na fara addu'ar batir ya mutu, domin na san abin da ke tafe. Bai mutu ba.

"Abu na uku, Malam, akwai gidan da nake neman aure a Toranke. Duk ranar da na je sai in ce ina azumi. Ba azumi nake ba. Yajin gidan ne, in na ci ba zan kai Gaya da mutuncina ba."

Ban san kasuwa tana iya yin shiru ba sai ranar. Sannan Ɗan Baiwa ya dawo da ihunsa: "To ga shi yanzu ya warke sarai, har ya yi ƙiba, wuyansa ya cika!" Dattawan nan gaba ɗaya suka juyo suka dubi wuyana, wanda a lokacin bai fi na zakaran da ya sha damina ba. Ɗaya ya fara dariya ya mai da ita tari. Na kusa da shi bai ma wahalar da kansa ba, ya kwanta a kan buhu.

Baba Bukar bai yi dariya ba. Ya bari motar ta wuce, muryata tana nisa tana shiga abu na huɗu, sannan ya ce, "Tashi, Malam." (Ku lura, Ustazu ya tafi, kuma bai sake dawowa ba.) "Ciwo ba abin kunya ba ne, kowa da nasa. Amma ka sa ina yabon ka a gaban mutane da ibadar da ba ka yi ba. Je ka, zan neme ka."

Na tafi ba takalmi. Sai da na kai bakin titi zafin ƙasa ya tuna mini.

Kwanakin da suka biyo baya na ɗauka auren nan ya watse. Wani ya ɗauki muryar a waya, ta shiga gari. Yara suna hango ni sai su ce, "Da farko dai!" Na je wajen Ɗan Baiwa da faɗa, ya ce in yi haƙuri, tun da ya fara sana'a bai taɓa ciniki irin na wannan watan ba. Na tambaye shi malamin daji, ya ce yana gaishe ni.

Falmata ce ta kira ni. Na ɗauka da shirin karɓar hukunci, sai na ji tana ƙoƙarin danne dariya.

"Malam, ya ibada?"

"Falmata, don Allah."

"Ai ni na daɗe da sani. Wane mai azumi ne yake shan farin magani a bayan motar Baba? Ina jira ne in ga ranar da za ka faɗa da bakinka. Ban zaci kasuwa za ka tara ba." Sai muryarta ta canza. "Amma tsakani da Allah, duk wannan kake fama da shi kai kaɗai? Baba ya ce ba za a sa rana ba sai ka je babban asibiti a Kano. Kuma shi zai raka ka, don ya ce bai yarda da bakinka ba."

Haka aka yi. Muka tafi a mota ɗaya, ni da surukina. Da layi ya zo kaina na shiga, na tarar likitar mace ce. Ta ce, "Me ke tafe da kai?" Na sunkuyar da kai. Na ji bakina ya fara, "Cikina ne yake ɗan…"

Sai ƙofa ta buɗe, hannun Baba Bukar ya shigo riƙe da waya. "Likita, bar wannan. Saurari wannan."

Ta saurara daga farko har ƙarshe, tana rubutu, har da wurin azumin (a nan ta ɗan rufe baki da takarda). Da ya ƙare ta ce da duk marasa lafiya haka suke bayani, da aikinta ya yi sauƙi, kuma abin da ta ji bai yi kama da olsa ba. Aka yi gwaje-gwaje, har da wanda ake leƙa hanji da na'ura, wanda ba zan ba da rahotonsa ba ko an rufe ni a mota. Aka gano kumburin hanji ne, irin wanda ba ya tafiya gaba ɗaya, sai dai a lallaɓa shi da magani da kula da abinci. Shekarun da na yi ina shan alli, ashe maƙwabcin mai laifin nake ta duka.

A hanyar dawowa Baba Bukar ya saya mini ayaba, ya ce, "Ci, ko yau ma azumin ne?" Daga nan na san an sa rana.

Yanzu Falmata tana yi mini 'yar tukunyata daban, ba yaji, tana kiranta tukunyar Ustazu. Ciwon yana nan, wata rana ya tashi, amma na san sunansa, na san kuma ƙofar da zan buga. Ɗan Baiwa ma yana nan. An ce har yanzu ina zagaya ƙauyukan Ajingi a kan rufin motarsa, ina warkewa ina ƙiba.

Abin da na koya bai da yawa. Duk abin da ka ji kunyar gaya wa likita shi kaɗai a ɗaki, ka shirya jin sa a kasuwa. Yanzu in na shiga ɗakin likita, kafin ya ɗauki biro na gyara zama na ce, "Da farko dai." Kuma duk wanda ya miƙo mini waya ya ce daga ni sai malam, sai na fara leƙa rufin motarsa.