Rasuwar Dattijo, Injin Ɗakin Gwajinmu

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da cinya ɗaure da bandeji, nake sanar da rasuwar Dattijo, injin lantarki mai maganaɗisu na ɗakin gwajinmu, wanda ya tarwatse ranar Litinin da hantsi, saura kwana uku in kare digirina a kansa.

Marigayin mai haƙuri ne. Shekara huɗu yana juyi a kan teburin ƙarfe, ba ya cewa komai sai "mmmm". Sai dai halinsa a murɗe yake: da zarar gudunsa ya ƙaru, wutar cikinsa ta canza ɗabi'a, lissafinsa ya lanƙwashe. Ni kuwa miƙaƙƙen lissafi nake so, don in tsara na'urar da za ta riƙe masa linzami. Sai na zaɓi juyi dubu a minti, na miƙar da lissafin a daidai nan, ragowar na soke da jan biro. A shafi na arba'in da bakwai na rubuta: "Wannan ƙarami ne, ana iya watsar da shi."

Mai kula da ɗakin gwajin, tsohon da muke kira Baba, ya leƙa takardar ya ce, "Ɗana, a dubu ne yake ƙarami. Kar ka wuce nan." Na bi shi da to.

Ranar Litinin Farfesan da ke duba aikina ya shigo da baƙi, ni kuma don burga na murɗa zuwa dubu uku. Dattijo ya yi "wiiii", ya turje, ya zabura, ya fizge kusoshi biyu daga tebur. Ƙauri ya tashi. Sai "fam!" Murfinsa ya ragargaza gilashin taga, maganaɗisu ya watsu kamar tsakuwa, guntu ɗaya ya huda butar shayin Baba, ɗaya ya lume a cinyata. Farfesa da rarrafe ya fita. Ni na kashe Dattijo da jan birona, kuma abin yana ci mini rai.

Ya rasu ya bar batir biyu, da ƙonanniyar waya, da matata da ta riga ta karɓo ɗinkin ranar murna, da kwamfuta wadda har yanzu take nuna yana juyi lafiya lau. Ba shi da ƙane a sashenmu, don haka an ɗage kare digirin sai baɗi.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma, daidai lokacin da aka sa mini na kare digirin tun farko, a kwandon tarkace bayan ɗakin gwaji. Masu zuwa su bar agogo a gida, gawar har yanzu tana jan ƙarfe. Baba zai ɗauki gangar jikin. Ni zan biyo baya da sanda, riƙe da shafi na arba'in da bakwai, wanda na naɗe guntun da aka zaro daga cinyata a ciki. Likita ya ce ƙarami ne, ana iya watsar da shi. Na ce ya miƙo mini abina.